Kuɗin Ƙofa

Da Maharazu ya san abin da bakinsa zai jawo masa a yammacin Asabar ɗin nan, da yana sallame La'asar ya zura takalminsa ya hau gida bai ce da kowa uffan ba. Amma mai tsoro ba ya iya shiru, shi kuwa tsoron gobara ya daɗe yana cin sa.

Lungun da yake zaune can yake a saman unguwar Tandabawi a Makka, a jikin dutse. Mota ba ta hawa. Daga inda kwalta ta ƙare sai matakala, ɗari biyu da goma sha ɗaya, Maharazu ya sha ƙirga su da tukunyar gas a kafaɗa. Shi ya sa ake ce wa wurin Lungun Matakala. Gidajen sun jingina da juna, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama, in ka buɗe hannuwanka sai ka taɓa bangon dama da na hagu. Idan wuta ta tashi, 'yan kwana-kwana, waɗanda a nan ake kira Difa, ba sa ɓata lokaci, sai dai motarsu a gindin dutse take tsayawa. Kafin su jona tiyo da tiyo su jawo shi sama, wuta ta riga ta yi nisa.

Tun zamanin kakanni aka gane haka, bayan wata gobara da ta lashe gida huɗu. Dattawan lokacin suka gina tanki a ƙarshen lungun ta sama, suka sayi injin turo ruwa da dogon tiyo, suka ɗauki mai gadi. Aikinsa ya ga tanki bai bushe ba, inji bai yi tsatsa ba. Babban sharaɗin kuwa shi ne, idan kwanakin Hajji suka zo maza suka kwashe zuwa Mina neman na abinci, shi ba ya zuwa ko'ina, yana nan tare da mata da yara da tsofaffi. Don a riƙe wannan aka sa kuɗin ƙofa, riyal goma a wata ga kowace ƙofa. Saboda kuma kada wata rana masu hali su yi ta ƙari har talaka ya kasa, dattawan suka ɗaga hannu suka shafa fatiha a kan cewa ba za a ƙara ko rabin riyal a kan goman nan ba har abada.

A wancan lokacin gida ɗaya iyali ɗaya ne. Yanzu gidajen sun yi hawa uku, hawa huɗu, an yayyanka su ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya, kowane ɗaki da tukunyar gas ɗinsa. Ruwa ya yi tsada, komai ya yi tsada, goma dai tana nan goma.

Maharazu mutumin Malumfashi ne, mai gyaran famfo, shekararsa goma sha tara a Makka yana aiki da takardar zama a ƙarƙashin wani kamfani. Ɗaki biyu yake haya a hawa na uku na gidan Abdulganiyyu, wanda kowa yake kira Abu Hatim. Yana da 'ya ɗaya, Saudat, mai shekara goma sha shida. Bayan an daɗe da cire rai sai ga matarsa Larai da ciki, kuma lissafi ya nuna daf da Hajji za ta haihu.

Ranar Asabar ɗin, a cikin watan Shawwal, aka zauna a barandar ƙaramin masallacin lungu. Baba Ja'afaru, dattijon da asusun yake hannunsa, shi ya tara mutane, don mai gadi Mukhtaru ya ce yana da magana.

"Baba, ni dai bana ba zan iya ba," in ji Mukhtaru. "Abin da kuke ba ni a wata, a Mina kwana biyu zan yi ina tura tsofaffi a keke in same shi. Ga tanki rabonsa da a cika shi tun Rajab. 'Ya'yana ba fatiha suke ci ba."

Wasu suka yi dariya. Baba Ja'afaru bai yi ba.

"Kai Mukhtaru, ka iya bakinka. Waɗanda suka shafa fatihar nan suna kwance a ƙarƙashin ƙasa."

"Allah ya jiƙansu, Baba. Amma su da suna da rai da sun ga kuɗin tankar ruwa."

Maharazu ya gyara zama. Shi ba mai magana a taro ba ne.

"Baba, a gafarce ni. Wuta ba ta ƙofa take shigowa ba, daga murhu take tashi. Gidan da nake ciki murhu goma sha huɗu ne. Me zai hana kowane murhu ya riƙa ba da goma? Ni na yarda in fara."

Abu Hatim ya cire asuwaki daga baki. Haifaffen Makka ne, jikan ɗaya daga cikin dattawan da suka gina tankin, Hausarsa rabi Larabci. Gida uku ne da shi a lungun, shi kansa kuwa ya daɗe da komawa Utaibiyya.

"Ya Abu Saudat, kai famfo ka iya, ka tsaya a famfo. Gobe ka ce murhu, jibi ka ce taga, gata ka ce numfashi. 'Yan hayana su ce in rage musu haya tunda suna biyan murhu. La, la. Kakana ƙofa ya ce. Halas, magana ta ƙare."

"Kakanka gida hawa ɗaya ya sani," wani ya ce daga baya.

"Wa ya yi magana? Ya fito ya biya min kuɗin lantarki!"

Aka sake dariya. Baba Ja'afaru ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ni ba zan warware abin da iyayenmu suka ɗaure ba. Ƙofa goma. Wanda yake da wata dabara da ba ta taɓa wannan ba, ya kawo."

A nan ne dabarar ta faɗo wa Maharazu, har ya ji daɗinta a ransa. Gidajen da suke jingine da dutsen yawancinsu ƙofa biyu ne da su. Akwai ta ƙasa, wadda kowa yake shiga, akwai kuma ta baya, wadda take buɗewa daga hawa na uku kai tsaye zuwa lungun sama, don dutsen ya tashi daidai nan. Ba a taɓa karɓar kuɗi a kan ta bayan ba.

"Baba, ba a ƙara a kan goma ba, na ji. Amma ƙofar baya ita ma ai ƙofa ce. A ƙirga ta. Gida goma sha ɗaya ne masu ita."

Baba Ja'afaru ya shafa gemu.

"Wannan bai taɓa fatiha ba," ya ce. "Ƙofa ce."

Aka yi kabbara cikin raha, Mukhtaru ya ce in haka ne zai sake tunani. Abu Hatim ya mayar da asuwakinsa baki, ya dubi Maharazu, ya ce, "Ɗayyib," wato to ya yi, ya sauka.

Maharazu ya hau gida yana jin kansa kamar wanda ya ci shari'a. Ya ba Larai labari tun kafin ya cire hula.

"Abu Hatim ya yarda?" ta tambaya.

"Ya ce ɗayyib."

"Malam, mutumin da yake ƙirga ƙwan lantarkin matakala? Ni dai Allah ya sa ɗayyib ɗin alheri ce."

Ranar Alhamis da ya dawo daga aiki ya bi ta lungun sama kamar yadda ya saba, don ta nan ya fi sauƙi. Ya tarar babu ƙofa. An cire ƙyauren ƙarfen an jingine shi a gefe, magina biyu suna ɗora bulo na ƙarshe. Abu Hatim yana tsaye a inuwa yana danna waya.

"Abu Hatim, mene ne haka?"

"Ahlan, Abu Saudat. Gyara nake yi. Ɓarayi suna shigowa ta nan."

"Wane ɓarawo? Shekara tara ina gidan nan ko takalmi ba a taɓa ɗauka ba! Mutum arba'in da wani abu ne a ciki. In wani abu ya faru a ƙasa ta ina za mu fita?"

"Me zai faru? Ka riƙa faɗin alheri, ya shehi." Ya sa wayar a aljihu. "Kai ka ce a ƙirga ƙofa. Zo ka ƙirga. Nawa ka gani?"

"Riyal goma ce fa. Ni zan riƙa biya. Wallahi ni zan biya."

"Ba goma ba ce maganar. Yau na bari ɗan haya ya ƙara min ƙofa, gobe me zai ƙara? In gidan bai yi maka ba, Makka da faɗi."

Maharazu ya tsaya yana kallon siminti ɗanye yana gangarowa a jikin bulo. Ya san Makka ba ta da faɗi ga mai albashi irin nasa, balle ana saura wata biyu Hajji. Ya juya ya zagaya ta ƙasa, ya hawo matakalar gidan, matsattsiya mai duhu, wadda mutum biyu ba sa gilma juna sai ɗaya ya manne da bango. A gindinta ne Shatu mai sayar da abinci take girki, don ɗakinta ba taga. A ƙarƙashin matakalar kuma tukwanen gas ne na mutanen hawan ƙasa a jere.

Kafin wata ya mutu, cikin ƙofofin baya goma sha ɗaya an toshe tara. Wasu ba don rowa ba, sun ga Abu Hatim ya yi ne suka bi. Asusu bai ƙaru da abin kirki ba. Mukhtaru ya je ya rubuta sunansa cikin masu tura keke a Mina. Idan Maharazu ya wuce a lungu sai ya ji ana cewa, "Ga mai ƙirga ƙofa nan." Ya koma wurin Baba Ja'afaru sau biyu, tsohon ya ce, "Gida na mai gida ne, ɗana. Ni kuɗi nake karɓa, ban isa in hana mutum gina bangonsa ba."

"Garin neman gira," in ji Larai wata rana, ba ta ƙarasa ba da ta ga fuskarsa.

Ana saura kwana tara a hau Arfa aka yi wa Larai aiki aka ciro ɗa namiji. Da aka sallamo ta, maza huɗu ne suka hawo da ita a kan kujera, tana cije leɓe a kowace matakala. Ranar suna aka raɗa wa yaron Yusha'u. Maharazu ya riƙe shi yana jin rashin nauyinsa, maimakon murna sai ya ga idonsa yana komawa kan ƙofar ɗaki.

"Ku koma Utaibiyya wurin ƙanwarki har in dawo," ya ce da Larai.

"In sake sauka a kujerar nan? Malam, ɗinkin nan ko tari na yi sai na ji kamar zai buɗe. Ɗakinsu ɗaya ne, su bakwai. Kwana biyar ne fa."

"To ni in ce ba ni da lafiya."

"Ka ce ba ka da lafiya a kwanakin Mina? Su soke maka takarda mu koma ina?"

Gaskiya ta faɗa. Kamfaninsu shi yake kula da bututun ruwa a wani sashe na tantunan Mina, kuma a kwanakin nan ko mai zazzaɓi sai ya fito.

Ranar da zai tafi, da hantsi, ya buɗe jakar kayan aikinsa ya ciro guduma babba da kurfi. Ya kira Saudat, suka je ƙarshen barandar hawa na uku inda ƙofar take a da. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa.

"Kin ji? Bulo ɗaya ne, mai rami a ciki. Simintin ma sun yi masa rowa." Ya ɗauki gawayi ya zana da'ira daidai ƙirjinta. "Nan za ki buga. Ba gefe ba, tsakiya. In ɗaya ya fashe sauran ba su da ƙarfi."

Saudat a Makka aka haife ta, bakinta ya fi saurin Larabci, uba Abuya take cewa, baffa kuma Ammu. Ta ɗaga gudumar da hannu biyu ta yi kamar za ta faɗi.

"Abuya, kai dai akwai tsoro! Ammu Abu Hatim zai yanka mu."

"Ya yanka. Ki ajiye ta bayan ƙofa, kada ki ara wa kowa. In kin ji warin hayaƙi kada ku sauka ƙasa. Maimaita."

"Kada mu sauka ƙasa. Tsakiya, ba gefe ba. Hadir, an gama, ya shugaban Difa."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi zuwa. A kan hanyarsa ta fita ya biya wurin tanki ya leƙa. Ruwan bai wuce taɓa gwiwa ba. Ya ja igiyar injin sau uku, injin ya yi tari ya mutu. Motar kamfani tana jira a ƙasa, ya bari ya sauka.

A Mina aikinsa ya bi layi-layi yana duba famfuna da jajayen akwatunan tiyon kashe wuta. Kowane layin tanti da nasa, in ya murɗa ruwa ya fito da ƙarfi har ya ture hannu. Ko wanne ya murɗa sai ya tuna tankin lungunsu. Yana kiran gida safe da yamma, idan layi ya yarda, don a kwanakin nan wayar mutum miliyan biyu ce take neman hanya ɗaya. Ranar Arfa lafiya. Ranar Salla lafiya, Saudat ta ce an aiko musu da cinyar rago, ta ce Yusha'u ya yi atishawa sau biyu, ko shi ma a kira Difa?

Washegarin Salla, bayan Azahar, yana durƙushe yana ɗaure wani bututu wayarsa ta yi ƙara. Tun kafin ya kai ta kunne ya ji ihu a bayan muryar.

"Abuya! Harika! Wuta a ƙasa!"

"Saudat, tsaya. Ina?"

"Man Inna Shatu, tana suyar nama, kasko ya kama. Abuya hayaƙi yana hawowa, ba a ganin matakala!"

"An kira Difa?"

"An kira, an kira!"

"Ina Mamanki? Ina yaron?"

"Suna ɗaki. Mutanen ƙasa duk sun hawo wurinmu, yara suna kuka..."

"Kada kowa ya sauka. Kin ji ni? Jiƙa mayafi ki ɗaure hanci. Ɗauko gudumar."

"Tana hannuna. Abuya ba na ganin zanen..."

"Laluba! Ƙarshen baranda, daidai ƙirjinki. Saudat? Saudat!"

Layin ya yanke. Ya kira, bai shiga ba. Ya sake, bai shiga ba. Ya miƙe. Shugaban aikinsu yana nan kusa ya ji komai. Ya dubi Maharazu, ya kawar da kai, ya ce, "Ni ban gan ka ba. Tafi."

Babu mota. Hanyoyin duk an mayar da su na masu tafiya a ƙasa, alhazai sun cika su suna gangarawa wurin jifa. Maharazu ya kutsa cikinsu yana cewa, "Hanya, ya hajji, hanya," wasu suna ba shi, wasu suna ture shi. Ya shiga dogon ramin da aka huda cikin dutse, manyan fankoki suna ruri a sama, ya yi gudu inda ya samu fili, ya yi sauri inda bai samu ba. Takalminsa ɗaya ya tsinke ya bar shi. Duk taku ɗari sai ya danna waya. Sau ɗaya ta shiga, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, wannan ya fi yankewar tsoratar da shi.

Tukwanen gas ɗin nan na ƙarƙashin matakala su suke ta dawo masa. Guda nawa ne? Biyar? Shida? Ya tuna hannun Saudat, siriri, wanda ko buhun shinkafa ƙarami ba ya ɗauka. Ya tuna yadda ya ji daɗin dabararsa a barandar masallaci, har da gyara hula. Bakinsa yana ta "Ya Salamu, sallim," bai san ma yana faɗa ba.

Ya fi awa ɗaya da rabi kafin ya iso Tandabawi. Daga nesa ya hango hayaƙi baƙi ya tsaya a jikin dutsen. A gindin matakala motocin Difa uku ne da motar asibiti ɗaya, tiyo ya miƙe sama yana zubar da ruwa a mahaɗarsa. Wani jami'i ya tare shi, Maharazu ya nuna sama, mutumin ya dubi ƙafarsa mara takalmi ya sake shi. Bai bi ta ƙasa ba. Ya zagaya ta gefen masallaci ya hau lungun sama da hannu da ƙafa.

Mata ne cike da lungun, da yara, wasu a zaune a ƙasa suna tari, fuskoki baƙi ƙirin. A jikin bangon Abu Hatim, inda ƙofa take a da, akwai rami wanda babba zai iya fita a sunkuye, hayaƙi yana fitowa ta ciki a hankali. A ƙasa ga gudumarsa, ga taɓare biyu, ɗaya ta tsage.

"Abuya."

Saudat ce a zaune jikin bango, an naɗe mata tafukan hannu biyu da farin ƙyalle. Kusa da ita Larai tana kwance a kan bargo, idonta a buɗe. Maharazu ya zube a gabansu. Ya taɓa fuskar wannan ya taɓa ta waccan. Sannan ya dubi hannun Larai, ya dubi gefenta, ya dubi bayanta.

"Ina Yusha'u?"

Larai ta buɗe baki sai tari ya sarƙe ta. Saudat ce ta amsa, muryarta a dishe.

"Na yi ta bugawa, Abuya, bulon ya ƙi. Ban san ko tsakiya nake bugu ba. Sai matan nan na sama suka ji, suka zo da taɓare suna bugu ta waje. Da ya ɗan huje, shi muka fara miƙawa, don shi kaɗai ramin zai iya ɗauka." Ta haɗiye yawu. "Bai yi kuka ba. Tun a ɗaki ya daina kuka. Wani ɗan Difa ya karɓe shi ya sauka da shi da gudu. Sun ce yana numfashi. Sun ce kaɗan."

"Sauran mutane?"

"Duk sun fito. Inna Shatu ta ƙone a hannu. Tukunya biyu ta fashe bayan mun fita."

Wata mata daga gefe ta ce sun je wurin tanki su huɗu, sun ja igiyar injin har hannunsu ya gaji, bai tashi ba.

Sai a lokacin Maharazu ya lura da Abu Hatim. Yana tsaye a bakin ramin, farar rigarsa ta yi toka har gwiwa, yana riƙe da ɓallin bulo yana juya shi. Baba Ja'afaru yana zaune a kan dutse kusa da shi, sandarsa a tsakanin ƙafafu.

"Abu Saudat," in ji Abu Hatim. Ya dubi ramin. "Wallahi ni ban..." Ya yar da ɓallin bulon. "Motata tana ƙasa. Zo in kai ka asibiti."

Maharazu ya ɗauka in ya ga mutumin nan zai shaƙe shi. Yanzu da ya gan shi babu ƙarfin ko ɗaga murya. Ya miƙe. Da zai wuce, Baba Ja'afaru ya riƙo gefen rigarsa.

"Don kada a takura wa talaka suka yi fatihar nan, ɗana," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ina yaro aka shafa ta, ina wurin. Ba don wannan ba ne."

"Na sani, Baba."

"Idan maza sun dawo daga Mina za a zauna."

Maharazu ya koma wurin Larai. Ma'aikatan asibiti suka iso da gadon ɗauka, suka ɗora Larai, aka fara sauka da ita matakala ɗari biyu da goma sha ɗaya, tana kiran sunan yaron a hankali. Saudat tana biye, hannuwanta a ɗage a gabanta.

A asibiti aka shiga da Larai wani ɓangare, aka nuna wa Maharazu wata ƙofa mai gilashi aka ce ya jira a nan. Ta cikin gilashin ya hango ƙaramin akwati, da bututu siriri, da ƙafa guda wadda ba ta kai tsawon yatsansa ba. Likita ya fito sau ɗaya, ya ce yaron ya shaƙi hayaƙi da yawa, na'ura ce take taya shi numfashi, huhun ɗan kwana goma sha ɗaya ba a yi masa alkawari. Ya ce su jira, ya koma.

Maharazu ya zauna a benci, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Saudat ta jingina kanta a kafaɗarsa. Abu Hatim yana can ƙarshen baranda a tsaye, bai matso ba, bai tafi ba.

"Abuya, da na fi ƙarfi da ya fita da wuri."

"Yi shiru, uwata. Ba ke kika toshe ƙofar ba."

Ya so ya ƙara da cewa shi ne ya ce a ƙirga ƙofofin, sai ya shafa kanta kawai. Aka kira Magariba, suna nan zaune, likita bai sake fitowa ba. Har zuwa wannan lokaci babu wanda ya san ko Yusha'u zai rayu.